Man Miya da Aikin Hanta a Kan Magani

A darasin kimiyyar halittu wata ɗaliba ta tambaye ni, "Malam, me ya sa ake cewa a sha maganin zazzaɓin cizon sauro bayan an ci abinci mai maiƙo?" Amsar farko mai sauƙi ce. Maganin Coartem yana ɗauke da sinadarin lumefantirin, wanda ba ya narkewa a ruwa, sai da mai ko madara hanji ke iya tsotse shi sosai. Amma wannan aikin hanji ne. Akwai wani wurin da mai da magani ke sake haɗuwa, wato hanta, kuma a kansa nake so mu tsaya.

Hantar baligi ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi. Jinin da ya kwaso abinci da magani daga hanji, ta hanta yake fara bi kafin ya zaga jiki. Yawancin magunguna sun fi son mai a kan ruwa, ita kuwa ƙoda abin da ya narke a ruwa take iya fitarwa cikin fitsari. Saboda haka sai hanta ta sake wa maganin kama tukuna. Ma'aikatan da ke wannan aiki ana kiransu inzayim, kuma babban danginsu shi ne saitokurom P450. Masana biyu na ƙasar Japan, Omura da Sato, su suka raɗa masa suna a 1962.

To, ina ruwan man miya? Waɗannan inzayim ba yawo suke yi a sake ba. A kafe suke jikin wani siririn tantani da ke cikin ƙwayoyin hanta, kuma da mai aka gina tantanin. Irin man da mutum ke ci, shi ne tubalinsa. Kun san yadda man shanu da man ja ke daskarewa da hunturu, man riɗi kuwa yana nan ruwa-ruwa. Dalili shi ne man riɗi yana da wani sinadari mai suna linoliyik fiye da kashi 40 cikin 100, man gyaɗa kamar kashi 30, man ja kamar kashi 10, man shanu kuwa ɗan kaɗan ne. Jiki ba ya iya ƙera linoliyik da kansa, tilas a ci shi. In tantanin ya same shi, yakan yi laushi, inzayim su yi aiki da kyau.

A jikin ɓeraye aka fi ganin wannan. Da aka hana su mai gaba ɗaya, aikin P450 ya ragu, har in an yi musu allurar barci sukan daɗe ba su farka ba, domin hantarsu ta yi jinkirin karya maganin. Da aka sa musu man masara a abinci, sai aikin ya farfaɗo.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma wannan shi ne abin da nake so ɗalibai su riƙe. A 1979 Anderson da Conney da Kappas a Amurka sun gwada mutane masu lafiya. Da suka musanya musu sitaci da mai, saurin fitar magani bai canja sosai ba. Abinci mai gina jiki ne ya kawo bambanci a fili. Tun kafin nan, a 1976, Conney da abokan aikinsa sun nuna cewa naman shanu da aka gasa a kan gawayi yana sa jiki saurin karya wani maganin ciwo. Nan ma ba kitsen ba ne, hayaƙi da ƙonuwar ne. Masu son tsire da balangu sai su lura. Ke nan matar da ta sayo man gyaɗa a kasuwar Sara maimakon man ja ba ta canja wa mijinta ƙarfin maganinsa ba.

Inda hatsarin yake shi ne in abu ya wuce iyaka. Idan kitse ya taru a cikin hanta, kamar yadda yake faruwa ga masu ƙiba da masu ciwon sukari, wani inzayim mai suna CYP3A4, wanda ke karya magunguna masu yawan gaske, yakan yi rauni, wani kuma mai suna CYP2E1 ya ƙaru. Shi wannan na biyun yana ƙaruwa kuma ga mai shan giya ko burkutu, da wanda ya daɗe bai ci abinci ba har jikinsa ya koma ƙona kitsensa.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda Panadol, wato farasitamol, da ke kowane shago daga Gwaram zuwa Birnin Kudu. Mafi yawansa hanta kan fitar da shi lafiya. Ɗan kaɗan ne ke faɗawa hannun CYP2E1, shi kuma ya mai da shi guba. Hanta tana da wani sinadari mai suna gulutatayon da ke kashe gubar nan take, amma yunwa da giya suna rage shi. Ka ɗauki manomin da zazzaɓi ya kayar a tsakiyar damina, kwana uku abinci ba ya shiga, yana ta haɗiyar Panadol bibbiyu ba lissafi, ga kuma maganin mura wanda shi ma da farasitamol a ciki. Guba ta ƙaru, mai kashe ta ya ragu. Iyakar baligi mai lafiya giram 4 ne a yini da kwana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, ana barin aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mai ciwon hanta, ko mashayi, ko wanda ya rame, nasa bai kai haka ba, sai ya tambayi likita. Ɓarnar kuma ba ta nuna kanta ran farko. Sai bayan kwana biyu ko uku ido ya fara yin rawaya.