Kwana a Mota Lokacin Bikin Argungu: Inda Kuɗin Ke Zurarewa

Wani bawan Allah daga Gusau ya rubuto cewa shi da ƙannensa biyu da ɗansa suna son zuwa bikin kamun kifi na Argungu da motarsu Sienna. Sun ji ɗakunan kwana kan ƙare, waɗanda suka rage kuma su yi tsada, shi ne suka yanke shawarar cire kujerun baya su shimfiɗa katifa. Tambayarsa ita ce: "Malam, ya za mu yi abin ya zo mana da sauƙi?"

Alhaji, dabarar ba laifi. A Amurka har motoci ake ƙerawa don haka, da gado da madafi da banɗaki a ciki. Mu kuwa sai mu yi da abin da ke hannu. Abin da aka gaya maka kuma gaskiya ne. Bikin nan ya samo asali tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Taron da ke cika bakin gulbin Matan Fada ya fi ƙarfin masaukan garin. Sai dai na sha ganin wanda ya gudu wa kuɗin ɗaki, fetur ya cinye masa ninkinsa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Ga yadda abin yake. Mota irin taku, idan tana tsaye inji na aiki, esi na kunne, tana shan aƙalla lita ɗaya a kowace awa. Daga isha'i zuwa asuba ka ƙone fiye da lita takwas ba ka motsa ko taku ɗaya ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ba sai na yi maka lissafin kuɗinta ba. Abin da ya fi kuɗin muni shi ne hayaƙin. Salansa mai huji kan tura iskar guba cikin mota, iskar da ba ta da wari, ba ta da launi, mutum na barci ta wuce da shi. Haka janareta ko kaskon gawayi a wurin da aka rufe. Saboda haka a kashe inji, a sauke gilasai kaɗan. Ai bikin kan faɗo ne a Fabrairu ko Maris, kuma daren bakin gulbi, musamman a Fabrairu, bargo yake nema.

Wanda zai hana ku barci sauro ne. Ƙasar fadama ce, shinkafa ko'ina, ruwa kwance. Kowa ya zo da gidan sauronsa. Kuɗinsa bai kai na allurar zazzaɓi ba.

Sai wurin tsayawa, kuma a nan nake son ka saurare ni da kyau. Wasu kan kama ɗaki a Birnin Kebbi su riƙa zirga-zirga. Tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 50 ne, zuwa da dawowa ɗari ke nan kullum, ga kuɗin ɗaki, ga cunkoso. Wasu kuma kan faka a gefen titi ko bayan gari, wanda a zamanin nan ganganci ne. Ni shawarata ku nemi gari irin Gulma, a cikin ƙaramar hukumar Argungu, inda jama'a manoma ne da masunta, kuma har yanzu baƙo na da kima. Ku isa da sauran rana, ku yi sallama da mai unguwa ko limami, ku faɗi daga inda kuke da abin da ya kawo ku. Da wuya a rasa mai ba ku ƙofar gida ku ajiye mota, a nuna muku ruwa da makewayi, wataƙila har da zaure. Mutum huɗu a Sienna ɗaya ai gwangwanin kifi ne: biyu a mota, biyu a tabarma. Kada ku je hannu rabbana. Goro, sukari, sabulu, da ɗan alheri ranar tafiya. Da safe ku bar motar a nan, ku hau ta haya ko kabu-kabu zuwa filin biki, ku huta da neman wurin fakin da fargabar a fasa muku gilashi.

Abinci kuwa, a bakin taro komai kuɗinsa ya haura. Ku taho da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, ganyen shayi, jarkar ruwan sha da ƙaramar tukunyar gas, a yi girki a waje, nesa da tankin mota. Shinkafa kada ku ɗauko ta daga Gusau, gidanta za ku. Kifi ma kada ɗoki ya ɗebe ku ku yi ciniki ranar da masu koma da gora suka fito daga ruwa, manyan baƙi na tsaye da kuɗi a hannu suna zawarcin giwan ruwa. Ku bari mai masaukinku ya kai ku wurin masuntan garinsu, ku sayi bandar da za ta kai gida lafiya.

Kafin ku taso, bakanike ya duba birki, ruwan lagireto da salansar da na ambata, mai faci ya daidaita iskar tayoyi har da safaya, don taya mai laushi da kaya bisa rufi dukansu mai suke sha. Ku cika tanki a Sakkwato, ku ciri kuɗi a can, domin ranar taro sabis kan yi wuya, masu POS kuma su tsawwala. Hanyar Gusau zuwa Talata Mafara ka fi ni saninta: a tashi da hantsi, a sauka kafin la'asar sakaliya, kada a yarda dare ya yi a hanya don gudun asarar kwana ɗaya.

Idan an tashi biki, ku ƙara yini guda ku bari ayari ya wuce. Ku kai yaron gidan tarihi na Kanta da ke cikin garin Argungu, ya ga makaman yaƙin Kabawa da kayan su na kakanni.