Haske Da Fatar Ɗan Adam A Zanen Kwamfuta

Ɗalibai da yawa sun ga fim ko wasan kwamfuta inda aka zana mutum, amma fuskarsa ta fito kamar ta 'yar tsanar roba. Me ya kawo haka? Amsar tana cikin abin da haske ke yi idan ya sauka a kan fata.

Ku gwada wannan da dare. Ku kunna tocila, ku rufe bakinta da yatsunku. Za ku ga yatsun sun yi ja, domin haske na ratsa fata. Kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai ke dawowa daga samanta, shi ne ƙyallin da muke gani a goshi. Sauran yana shiga ciki. A bawon sama akwai sinadarin melanin, mai ba fata duhu, yana shanye haske. A ƙarƙashinsa akwai jini, mai shanye shuɗi da kore ya bar ja. Abin da ya rage yakan yi yawo a ciki, ya fito kusa da inda ya shiga.

Da farko kwamfuta tana lissafin hasken da ya dawo daga sama ne kaɗai, shi ya sa fuska ke fitowa kamar roba. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da lissafi mai sauƙi na yawon haske a cikin fata. An yi amfani da wannan dabara wajen zana Gollum a fim ɗin The Two Towers na 2002.

Amma da sauran aiki. Dabarar ta fi dacewa da farar fata, wadda haske ke ratsawa sosai. A baƙar fata irin tamu melanin na shanye yawancin hasken da ya shiga, don haka ƙyallin sama ne ke nuna siffar fuska. Ku lura da ƙafafunku lokacin hunturu. Fata ta bushe ta yi furu-furu, domin busasshen bawo yana watsa haske ko'ina. Da an shafa man kaɗanya sai ta yi sumul, duhunta da ƙyallinta su dawo. A 2020 Theodore Kim na Jami'ar Yale ya yi rubutu yana nuna cewa masu bincike sun daɗe suna ɗaukar farar fata a matsayin ma'aunin kowa.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Idan muna so a zana mu daidai, sai 'ya'yanmu sun shiga wannan aiki. Hanyarsa kuwa tana farawa ne daga ajin lissafi, da na kimiyya, da na zane. Kada ku raina ko ɗaya.