Gigin Tsufa: Kula da Tsoho a Gidan da Ke da Yara

Ya kai mai gida, in tsohonka ko tsohuwarka ta fara mantuwa mai yawa, ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, ko ta fita ta kasa gane hanyar gida, kada ka ce taurin kai ne ko maita. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, shi muke kira gigin tsufa. Wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, shi ya fara bayyana irin wanda ya fi yawa, cikin 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ke da gigin tsufa a 2021. Ba kowane tsoho yake kamawa ba, ba kuwa a ɗaukarsa daga wani. Ba a sami maganin da ke warkar da shi ba tukuna, amma kulawa mai kyau tana rage wahalarsa ƙwarai.

Raba aiki

Ciwon nan yakan yi shekaru, kullum yana ƙaruwa. In ka bar wa uwargida ita kaɗai, ga girki, ga goyo, ga tsohuwa da ba ta barci da dare, lalle za ta gaji, yara kuma su rasa kulawa. To, tara 'yan'uwanka maza da mata ku raba kwanaki. Wanda ke nesa ya aiko da kuɗi ko hatsi. Kada a fid da yarinya daga makaranta domin tsaron kakarta. Yaro yana iya kai ruwa, ya zauna hira, amma wanka da tsaron dare aikin manya ne.

Abin da za ka gaya wa yara

Ka ce musu Kaka ba ta da lafiya, shi ya sa take manta sunansu. In ta ce sun sace mata goro, kada ka duke su, kada kuma ka yi gardama da ita. Ku taya ta nema. Hana yaran unguwa tsokanarta.

Tsare gida

1. Rufe rijiya da murfi mai nauyi.
2. Kau da ashana, wuƙa, kananzir da maganin ƙwari.
3. Kada a bar mata jariri ko wuta ita kaɗai.
4. Abinci, wanka da barci su zama lokaci ɗaya kullum. A riƙa ba ta ruwa, gama takan manta da ƙishirwa.
5. Ruɗewa takan ƙaru da almuru, sai a kunna fitila da wuri.
6. Gaya wa maƙwabta da mai unguwa, in sun gan ta a hanya su rako ta. Kada a ɗaure ta, kada a kulle ta a ɗaki.

Zuwa asibiti

Tun farko kai ta a auna jininta da sukari, domin hawan jini da ciwon sukari suna ɓata ƙwaƙwalwa. In kuwa ta ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko bakinta ya karkace, kada ku kwana. Watakila zazzaɓi ne, ko ciwon fitsari, ko shanyewar jiki, suna kuwa bukatar magani nan da nan.

Ke ma uwargida, in barci ya gagare ki, ko kin ga kina yawan fushi da yara, faɗa wa mai gida da malamin asibiti. Babu kunya a ciki. Allah ya ba mu lafiya da haƙuri, amin.