Ruwan Tiga da Ƙofofin Hukuma: Jan Hankali ga Mutanen Kura da Bunkure

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, da ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura zai ga ƙasa ta sake kama. Baya gare shi ko'ina ya bushe ƙayau, amma a nan ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara, kore shar har iyakar ganin ido. Wannan albarka daga madatsar Tiga take, wadda aka soma ginawa a 1971 zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974. Ruwan yana gangarowa da ƙafarsa ba tare da inji ba, ya bi babban kanal ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000. A da, da rini aka san Kura, har Buzaye kan zo neman baƙin 'yan Kura, kuma da an gama girbi sai samari su tafi cin rani. Yau nan ake zuwa cin ranin.

To, amma ruwan da ya kawo shinkafa shi ne ya kawo sauro da tsargiya, da rikicin wa zai sha yau wa zai sha gobe, da baƙi, da manyan motoci. Idan ɗayan waɗannan ya dami mutum, wa zai kai wa kuka? Nan ne jama'a ke yawan ɓata. Sai ka ga dattawa sun yi gayya sun tafi sakatariyar ƙaramar hukuma a kan an rufe ruwa, alhali ciyaman ba shi da mabuɗin ƙofar ruwa ko ɗaya. Ko kuwa a tsare ma'aikacin ruwa ana yi masa faɗa a kan kwalbatin cikin gari da ya rufta. Kowa ya koma gida yana cewa hukuma ba ta ji, alhali ƙofar da aka ƙwanƙwasa ba ita ba ce.

Ku sani, madatsar Tiga da babban kanal da manyan rassansa suna hannun Gwamnatin Tarayya, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Ita ke buɗe ruwa, ita ke rufe shi don gyara, ita ke da alhakin manyan ƙofofi. Tun da aka kawo shirin gyaran ban-ruwa na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, aka ɗora musu kula da ƙananan hanyoyin da ke kai ruwa gona, da yashe su, da tara kuɗin ruwa. Saboda haka manomin da ruwa bai kai gonarsa ba, shugaban ƙungiyar sashensa zai fara nema. Kuma kafin ya tafi, ya dubi hanyar ruwan da ta bi ta gefen gonarsa tukuna. Idan kachala ta cinye ta shi bai taɓa sa lauje ba, to in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Babban asibiti, da makarantun sakandare, da 'yan kwana-kwana, da malaman gona na KNARDA, da hukumar agajin gaggawa, waɗannan na Gwamnatin Jihar Kano ne. 'Yan sanda da titin Kano zuwa Zariya na Tarayya ne.

Saura ƙaramar hukuma, wadda ita ce maƙasudin wannan takarda. Tsofaffi sun san zamanin En'e, lokacin da hakimi da alƙali da ɗandoka da duba-gari duk suke ƙarƙashin inuwa ɗaya. An sauya wannan tsari, kuma a 1976 aka yi gyaran da ya mai da ƙaramar hukuma matakin gwamnati na uku a ƙasa baki ɗaya. Yau akwai guda 774 a Nijeriya, 44 daga cikinsu a Jihar Kano. Tsarin Mulki na 1999 ya jera ayyukanta a fili: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, makewayin jama'a, maƙabartu, kwashe shara, hanyoyin cikin gari da magudanansu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da ba da lasin kekuna da amalanke da baro da kwale-kwale. Tana kuma da hannu a makarantun firamare, da asibitocin sha-ka-tafi, da raya aikin gona. Duba wannan jerin da kyau, za ka ga kusan duk abin da ke taɓa ran talaka tun daga ranar suna har ranar jana'iza yana ciki.

Da wane kuɗi za ta yi? Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun Tarayya kowane wata. Shekaru da yawa kuɗin yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha, shi ya sa amsar ciyaman kullum ɗaya ce, wai ba a sako ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantomomin riƙo ya saɓa wa doka. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma dai yanzu talaka yana da abin kafa hujja. A ganina akwai wani dalilin da ya sa muka daina tambaya. Tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, abin da ya sauke wa talaka babban nauyi, sai mutane suka ɗauka ba sa biyan hukuma kome, don haka ba su bin ta kome. Wannan kuskure ne. Mai kwandon tumatir yana biya a kasuwa, direba yana biya a tasha, mahauci yana biya a kwata, mai injin casar shinkafa yana biya. Duk wanda aka karɓi kuɗinsa ya nemi rasit mai hatimin ƙaramar hukuma. Kuɗin da ba rasit, aljihun wani ya shiga, ba baitulmali ba.

Yanzu bari mu tsaya a kan lafiya, don nan ne ƙasar ban-ruwa ta bambanta da sauran ƙasashe. Tsargiya ta zama ruwan dare a duk inda yara ke wanka a kanal, har wasu iyaye na ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara girma. Ba alamar girma ba ce, cuta ce. Ga yadda take tafiya: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsa su fita tare da shi, su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wasu ƙananan dodon-koɗi da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Can suke hayayyafa, su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko bai sha ba. In an bar ta shekara da shekaru takan lalata mafitsara, ta taɓa ƙoda, ta bar yaro da ƙarancin jini da kasala a aji. Maganinta ƙwaya ce mai suna Praziquantel, ana auna ta da tsawon yaro ko nauyinsa, kuma akan raba ta kyauta a makarantu. Uban da ya hana a ba ɗansa ya cuce shi. Amma magani kaɗai ba ya kashe ta, don yaron da aka warkar yau gobe zai koma ruwan. Sai an sami makewayi, an sami rijiyar burtsatse da mata za su yi wanki ba sai sun je kanal ba, an kuma nome ciyawar bakin ruwa. Biyun farko aikin ƙaramar hukuma ne da sashenta na lafiya da tsafta, na ukun aikin manoma ne.

Haka zancen sauro yake. A wasu wurare zazzaɓi na damina ne, a nan kuwa ba ya hutu, domin duk inda ruwa ya ɓalle daga hanya ya kwanta, gidan sauro ne. A kwana cikin gidan sauro ko da rani, a kuma kai yaro a gwada jininsa kafin a ɗura masa magani.

Akwai kuma wata annoba da muka sayo da kuɗinmu, wato maganin feshi. Tun shekarar 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, feshi ya ƙaru ainun. Za ka ga saurayi ya goya tanki ba takalmi, ba abin rufe hanci, ya gama ya wanke tankin a kanal, ƙasa kaɗan kuma wata na ɗiban ruwan girki. Wani ma jarkar maganin yake ɗaurayewa ya zuba man gyaɗa. Jama'a, a bari. A huda jarkar da ta ƙare a binne ta nesa da rijiya, a ajiye sauran magani inda yaro ba ya kai hannu, kada kuma a tsinki tumatir washegarin feshi a kai kasuwa, domin wanda zai ci shi ma ɗan wani ne.

Sai batun nutsewa. Babban kanal yana da ruɗi: samansa lumui, ƙasansa yana gudu, gefensa siminti ne mai santsi da gansakuka, wanda ya faɗa ba shi da abin kamawa. Wuri mafi hatsari shi ne kusa da ƙofofi da inda ruwa ke shiga ƙarƙashin hanya. Kada a aiki ƙaramin yaro ɗiban ruwa ko shayar da dabba shi kaɗai, kuma malaman allo su ja kunnen almajirai, don su ne baƙin da ba su san halin ruwan ba. Inda unguwa take hayin kanal kuma makaranta take wancan hayi, neman ƙaramar gada haƙƙi ne. A rubuta wa ƙaramar hukuma, ita kuma ta nemi yardar hukumar ruwa tun da kanal ɗin nata ne. Masu zuwa su ko biki ta tafkin Tiga su tuna da abin da ya faru a Bagwai a watan Nuwamba na 2021, inda jirgin ruwa da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a madatsar Watari, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Lasin kwale-kwale da doka ta ba ƙaramar hukuma ba don karɓar kuɗi kawai aka yi shi ba, har da duba lafiyar jirgi da yawan mutanen da zai ɗauka. Waɗanda ke zaune bakin kogi kuma, dattawansu ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988 ba. In an yi shelar ruwa na zuwa, a tashi.

Game da tsaro, abin da ya fi yawa a nan satar injin ban-ruwa ne, da satar shinkafa a masussuka, da faɗan ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, da ɓarnar shanu. Faɗan ruwa yakan fara ne daga mutum ɗaya da ya tare hanya da dare ya hana na bayansa. A kai shi gaban ƙungiya tun fartanya ba ta zama makami ba. Makiyayi kuwa dole ya zo, domin da rani nan ne kaɗai ciyawa da ruwa. Inda aka nome burtali aka toshe mashaya, shanu ta gona za su bi, kuma kofatonsu na rushe bakin kanal. Maganin wannan zama ne tun kafin kaka, da hakimi da dagatai da arɗo da shugabannin manoma da baturen 'yan sanda, a fitar da hanya, a sa ranar da za a saki shanu a kara, a kuma yarda da masu kimanta ɓarna. Ƙaramar hukuma ce ta fi dacewa ta kira wannan zama, kuma kuɗinsa bai kai na gyaran mota ɗaya ba.

'Yan sintiri suna da amfani ƙwarai, amma a san su, mai unguwa ya san sunan kowa, kuma wanda suka kama su miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Dukan ɓarawo har ya mutu kisan kai ne, ko da an kama shi da injin a kafaɗa. Baƙon da ya zo ƙwadago, mai masaukinsa ya gabatar da shi ga mai unguwa kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ake kiranta. Kowane gari ya kamata a ce akwai masu riƙe da lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa. Lokacin kakar tumatir kuma, masu kasa kwanduna a bakin titi wajen Kwanar Gafan da Kadawa su ja baya daga kwalta, don tirela ba ta tsayawa nan take.

To, yaya ake kai kuka ya isa? Kowace mazaɓa tana da kansila, ko Karfi ce ko Ɗan Hassan ko Kosawa a Kura, ko Barkum ko Gurjiya ko Kumurya a Bunkure. Ku kuka zaɓe shi, kuma aikinsa ya kai maganarku zauren majalisa, ba raba kuɗin cefane a gidan suna ba. Wanda ya je shi kaɗai ya roƙi na mai, ya sayar da bakin unguwarsu da arha. A zauna a zaɓi buƙata ɗaya ko biyu, kada a jera ashirin. A rubuta takarda da Hausa, a faɗi wurin, a faɗi abin da ya lalace da yawan gidajen da abin ya shafa, a faɗi abin da jama'a za su iya bayarwa, ko yashi ko aikin gayya. Mai unguwa da dagaci da liman da shugabar mata su sa hannu. A kai ɗaya ofishin ciyaman, ɗaya ga shugaban sashen da abin ya shafa, ko na ayyuka ko na lafiya ko na gona, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi gida. Kuma a lura da lokaci: ana tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, don haka takardar neman kwalbati ko gyaran asibiti ta isa sakatariya tun ana girbin shinkafar damina. Bayan wata guda wakilai biyu su koma da kwafin nan a hannu su tambayi inda aka kwana.