Darasi Daga Kara: Ziyarar Ɗalibanmu Zuwa Kasuwar Dabbobi

Da yawa daga cikin ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne. Idan lokacin biyan kuɗin makaranta ya yi, sau da yawa rago ko maraƙi ake kwancewa daga turke a kai kasuwa. Don haka muka ga ya kamata ɗaliban ajin aikin gona su gane wa idonsu yadda ake cinikin dabbobi. Muka tashi daga Malisa da sassafe zuwa kasuwar Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Ɓangaren da ake sayar da dabbobi shi ake kira kara.

Irin dabbobin da muka gani

Cikin shanu mun ga Bokoloji masu gajeren ƙaho da babban tozo, da Bunaji farare, da Rahaji jajaye masu dogayen ƙahoni. Cikin tumaki akwai Uda, waɗanda gabansu baƙi ne ko ja, bayansu fari, da Balami manya farare, da 'Yankasa da muke kiwo a gidajenmu. Akan loda da yawa daga cikinsu a manyan motoci zuwa Ibadan da Legas. Farashi yakan tashi gab da Babbar Sallah da Kirsimeti.

Yadda ake duba dabba

Mai saye ba ya dogara ga kyan jiki kawai. Yakan buɗe bakin dabba ya duba haƙoran gaba na ƙasa, domin shanu da tumaki ba su da na sama. Saniya takan fid da manyan haƙora 2 na farko tana da wajen shekara 2, su cika 8 tana da shekara 4 zuwa 5. Tunkiya kuwa takan fara sauya haƙora bayan ta cika shekara 1. Sannan ya duba ido da hanci da kofato, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta.

Yadda ake ciniki

A Ingila da Amurka gwanjo ake yi. Akan shigo da dabba fili, mai shela ya yi ta kiran farashi, wanda ya fi kowa tayi ya ɗauka. A kara ba haka ba ne. Mai dabba yakan danƙa ta ga dillali. Mai saye ya taya, idan kuɗin bai kai ba a ce masa "albarka", idan ya kai a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa.

Aikin dillali bai tsaya nan ba. Shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, idan rigima ta taso daga baya shi za a nema. Haka kuma yakan tsaya wa mahauci ya ɗauki sa bashi, ya biya bayan ya sayar da nama. Ran da dillali ya ci amana, makiyaya sukan daina kawo masa dabba, sana'arsa ta mutu ke nan.

Abin da muka koya

Dukiya mai yawa tana sauya hannu a kara, amma abin da ke riƙe da ita shi ne amana tsakanin Bafulatani makiyayi da dillali da mahauci da baƙo daga Kudu. Littafin Karin Magana 27:23 yana gargaɗin mai kiwo ya kula da lafiyar garkensa, 11:1 kuma yana nuna Allah yana ƙin algus a ciniki. Ɗalibai, ku san dabbar gidanku sosai, don kada a ƙware iyayenku a kasuwa. Ku kuma riƙe gaskiya, don a yarda da maganarku ko ba takarda.

Tambayoyi don nazari

1. Ta yaya ake gane shekarun saniya?
2. Mene ne bambancin gwanjo da cinikin dillali?
3. Wace amana aka danƙa maka a makaranta, yaya kuma kake riƙe da ita?