Amsoshin Tambayoyinku: Ƙofar Bayan Motata Ta Sauka, Walda Ce Maganinta?

Tambaya: Ina da Toyota Prado ƙirar 2006, irin wadda safayar taya ke rataye a ƙofar baya. Aikina na shiga ƙauyuka ne a arewacin Yobe, hanya duk rairayi da gargada. Kwanan nan ƙofar ta sauka, sai na ɗan ɗaga ta da hannu kafin ta rufu, a kan hanya kuma ga ƙwanƙwasa ba ƙaƙƙautawa. Mai walda ya ce in kawo ya sa wa hinjis wuta ya ƙara masa ƙarfe, wani bakanike kuma ya ce makullin kawai za a sauke ƙasa. Wanne zan bi? Daga mai karatu a Gashuwa.

Amsa: Malam, ka dakata da su duka biyun tukuna. Kowannensu ya faɗi abin da hannunsa ya saba yi ne, ba wanda ya fara duba inda ciwon yake. Sauke makulli zai sa ƙofar ta riƙa rufuwa na 'yan makonni, alhali hinjis na can yana ci gaba da cinyewa. Walda kuwa tana da ranarta, zan zo kanta, amma sau da yawa ba da ita ake farawa ba.

Tayar Prado irin taka, mai lamba 265/65 R17, idan aka haɗa da wilinta tana kai kusan kilo 30. Ba a kan hinjis take zaune ba, tana can tsakiyar ƙofa, ta kuma turo baya. Saboda haka hinjis na sama kullum fizgarsa ake yi, na ƙasa kuwa danne shi ake yi, kuma duk ramin da ka faɗa nauyin nan yakan ninka na ɗan lokaci. A cikin kowane hinjis akwai 'yar sandar ƙarfe da makanikai ke kira fin, tana juyawa cikin bushi. Da gangan aka yi bushin da abin da bai kai fin tauri ba, tagulla ko roba mai ƙwari, domin shi ya cinye, fin da jikin hinjis su tsira. A irin hanyarka rairayi kan kutsa ciki ya cakuɗe da tsohon giris, duk motsi sai ya goge bushin. Kuma da yake faɗin ƙofar ya ninka tazarar da ke tsakanin hinjis biyun, gibin milimita ɗaya a wurin fin kafin ya isa gefen makulli ya zama saukar da kake gani da ido.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka ajiye motar a wuri mai daidaito, ka sauke safayar, ka buɗe ƙofar ɗan kaɗan. Wani ya kama bakinta ta ƙasa ya riƙa ɗagawa yana saki a hankali, kai kuma ka zuba wa hinjis ido, na sama sannan na ƙasa. Kada ka sa yatsa a tsakani. Idan ɓarin da ke jikin ƙofa yana motsi, na jikin mota yana tsaye, to fin da bushi ne. Idan hinjis ɗin gaba ɗaya ke zamewa a kan jikin mota, notuna ne suka kwance, kuma za ka ga jan garin tsatsa ko fentin da ya goge a kewayensu. Wannan ɗauri kawai yake so bayan an daidaita ƙofar. Abin da ba na so ka gani shi ne siririn layi a fenti, mai tsatsa a ciki, kusa da hinjis ko kewayen ƙarfen da tayar ke rataye. Wannan tsagewa ce.

Bisa abin da ka bayyana, na fi zargin bushi. A motoci da yawa kamfani kan daddage kan fin yadda ba zai zaru ba, ya sayar da hinjis ɗin ɗungurungum. In ka samu sabo na asali, shi ya fi kwanciyar hankali. In na hannu za ka saya, irin 'yan Kwatano da ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, ka riƙe ɓari ɗaya ka girgiza ɗayan da ƙarfi tun a shagon. Wanda ya yi maka ko ɗan ƙas, an riga an ci rabonsa a wata motar.

Ana kuma iya gyara naka, kuma gyara ne mai kyau idan aka samu mai haƙuri. Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a zagaye hinjis ɗin da alƙalamin maka domin a san mazauninsa. A tokare ƙofar da jak da katako mai tsumma a kai, mutum ɗaya ya riƙe ta, a cire hinjis ɗaya a gama da shi kafin a taɓa na biyu. Haka ba sai an kwance wayoyin da ke shiga ƙofar ba. A goge kan fin, a buge shi ya fita, sannan a leƙa ramin. In yana nan da'ira sumul, sabon bushi da sabon fin sun wadatar. In bushin ya riga ya ƙare har fin ya ci jikin hinjis, ramin ya yi tsawo kamar ƙwai, to sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya faɗaɗa shi ya koma da'ira, ya sassaƙo bushin tagulla daidai da sabon ramin. Bushin ya shiga da matsi, fin kuma ya juya a cikinsa da hannu ba tare da lilo ba.

Nan ne ake yawan ɓata aiki. Wani zai yanko guntun rodi, ko ya ɗauko duk notin da ya gani a ƙasa, ya cusa a matsayin fin. Rodi ba shi da santsi kuma ba shi da taurin da ake buƙata, zaren noti kuwa yankar bushi yake yi. In dole sai an yi amfani da dogon noti, a nemi mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, wanda sashensa mai santsi ya ratsa bushin gaba ɗaya, zaren ya tsaya a waje, a kulle shi da abin da ba zai kwance da girgiza ba.

Walda ta tsagewa ce kaɗai. A huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya, a ɗinke, a ƙara faranti ta ciki. Amma a sa wa hinjis wuta yana jikin mota, da bushinsa a ciki, garin neman gira a rasa ido ke nan: zafi zai ƙone bushin, ya karkatar da ramin, ya cinye fentin da ke tare tsatsa. In za a yi walda a jikin mota a cire kan batir, kuma ka sani wasu Prado suna da tankin mai na biyu a ƙarƙashin baya, dab da inda tartsatsi zai zuba.

Sai an gama wannan ake komawa kan maganar bakaniken naka. A mayar da taya, a daidaita makulli yadda ƙofar za ta shiga ba tare da ta hau ko ta sauka ba, a duba robobin da take jingina da su a gefen makullin. Idan mota na tafiya su ke raba wa hinjis nauyi, in sun cinye sabon gyaran ba zai daɗe ba. Ka duba robar da ta zagaye bakin ƙofar ma. Ƙofar da ba ta manne ba tana zuƙo ƙura, tana kuma zuƙo hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da iska mai guba marar wari. Wannan ya fi damuna a kan ƙarar da ke damunka, musamman in kana ɗaukar yara a kujerar baya.

Bayan gyara, giris kaɗan ya isa, a goge wanda ya fito waje don kada ya tara rairayi, a kuma sake sawa bayan damina da bayan hunturu. Ka hana yaran mota taka safayar in za su ɗaure kaya a sama, kada kuma a rataya mata jarka. Kafin ka samu zuwa gareji, ka sauke tayar daga ƙofar ka kwantar da ita cikin but, ka ɗaure ta tamau da igiya mai ƙarfi yadda ba za ta taso ba in ka taka birki.