Amsoshin Tambayoyinku: Bindiga a Makarantu

Wani mai sauraronmu daga Funtuwa yana tambaya: shin harbe-harben da ake ji a makarantun Amurka sun taɓa faruwa a yankinmu?

To Malam, namu salon daban ne. A can galibi mutum guda ne ke buɗe wuta. A nan kuwa 'yan bindigar daji ke kwashe ɗalibai don neman kuɗin fansa. Daren 11 ga Disamba 2020 suka afka wa Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, suka sace yara fiye da 300. An sako su ranar 17 ga watan. Don tunkarar 'yan bindigar, a Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, amin.